Jinkirin da Egya Bentsil Ya Saba da Shi

Tun da aka kafa majami'ar da ke bakin teku a Anomabo, mutum uku kaɗai suka taɓa zama a kan bencin ogan, wato babban abin kiɗan nan mai bututu, biyun farko kuwa mutuwa ce ta sauke su. Egya Ekow Bentsil shi ne na uku. Ya shekara arba'in da ɗaya a wurin, bai kuma ga dalilin da zai sa a sauya tsari a kansa ba.

Sai ogan ɗin ya riga shi mutuwa. Iskar gishiri ta cinye fatun da ke tura iska cikin bututun, har wata Lahadi ya danna, bai ji komai ba sai huci. A nan 'yar ƙanwarsa ta shigo maganar, wato Ewurasi Tandoh, mace mai 'ya'ya a jami'a, wadda ke koyar da lantarki a Takoradi. Ta zo da tsohuwar kwamfuta da jerin madannai biyu da lasifika huɗu. Ta sa wa kwamfutar manhaja irin wadda masu ita suka bari a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara. Muryar kuma ta wani babban ogan ce a wata ƙasa mai nisa, wanda aka bi bututunsa ɗaya bayan ɗaya aka naɗi sautin kowanne.

Mako uku Ewurasi ta yi tana yaƙi da abu guda: tazarar da ke tsakanin danna madanni da fitowar sauti. In ta rage ta, sauti ya riƙa ƙaraf-ƙaraf. In ta gyara wannan, tazara ta dawo. Ranar da ta yi nasara, ta miƙe tana share gumi.

"Kawu, kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa. Ko a Turai ba su fi haka ba."

"Turai ba ta san waƙoƙinmu ba," in ji Egya Bentsil, ya gyara zaman mayafinsa a kafaɗa.

Lahadin farko, ya gama baitin farko jama'a na tsakiyar layin ƙarshe. A baiti na uku suka rabu gaba ɗaya: shi ya kai Amin, su kuwa suna can baya suna roƙon gafara. Maame Adwoba Otoo, wadda ta fi kowa daɗewa cikin mawaƙa, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ekow, kifi ka bari a wuta?"

"Adwoba, ku ne kuka tsufa."

"Mun tsufa tun bara, amma bara tare muke isa."

Lahadi ta biyu ma haka. Sai Osofo Eshun, shugaban majami'ar, ya kira shi gefe cikin ladabi ya sanar da shi shawarar dattawa: in ba a daidaita ba zuwa Lahadin godiyar kaka, za a nemo wani ya hau bencin. Sun ɗora abin a kan shekaru. Alhali kuwa abin da aka sani tun kaka da kakanni, shekaru jinkiri suke sa mutum. Ba a taɓa sauke dattijo a Anomabo saboda sauri ba. Egya Bentsil ya faɗa wa Osofo haka, Osofo ya yarda, amma shawara ta tsaya.

Ranar Alhamis da la'asar, wajen gwajin mawaƙa, Ewurasi ta bar kallon kwamfuta ta kalli hannun kawunta. Ta ga yatsunsa sun sauka tun Maame Adwoba ba ta buɗe baki ba. Ta jira layi na gaba, ta sake ganin haka.

"Kawu, me ya sa kake dannawa tun ba a zo wurin ba?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi dalilin da teku ke da gishiri.

"Haka ake kaɗa ogan. Ka danna, iska ta yi tafiyarta cikin bututu, ta tarar da jama'a a hanya. Marigayi Egya Quayson, wanda na gada, da bulala ya koya mini, shi ma haka aka koya masa."

Ewurasi ta zauna a kan akwatin lasifika.

"To, Kawu, sai ka koyi jira. Wannan ba shi da iska."

"Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekarata saba'in da uku. Injinki watansa nawa?"

Washegari ta rubuta wa zauren intanet da masu manhajar ke taimakon juna, tana tambayar yadda ake ƙara jinkiri. Mutum shida suka amsa mata da yadda ake rage shi. Na bakwai ya tambaye ta ko lafiya. Na takwas ne ya ce a shekara goma sha ɗaya da ya yi a zauren bai taɓa ganin wannan buƙata ba, sannan ya nuna mata layin da za ta sauya.

Matsalar ita ce babu wanda ya taɓa auna jinkirin tsohon ogan, shi kuwa ya riga ya yi shiru. Saboda haka aka zaunar da Maame Adwoba a kujerarta ta kullum, aka mai da ita ma'auni. Egya Bentsil ya rufe ido yana kaɗawa, Ewurasi na ƙara lamba.

"Har yanzu gudu yake," in ji Maame Adwoba.

Aka ƙara.

"Ya koma sassarfa."

Aka ƙara, har aka kai kusan sulusin daƙiƙa. Maame Adwoba ta rera baiti guda cur ba ta harari kowa ba. Amma Egya Bentsil ya buɗe ido ya ce da saura: manyan bututun nan masu kaurin murya sun fi ƙanana jinkiri, sai an ba su nasu daban. Wannan ya ci wa Ewurasi yinin Asabar, tana yi tana gunaguni a kan makonninta uku.

Ranar godiyar kaka, aka jibge doya da ayaba da busasshen kifi a gaban majami'a, dattawa suka jeru a layin farko suna jiran abin da zai faru. Egya Bentsil ya danna. Na ɗan lokaci ba a ji komai ba, sannan murya ta cika ɗakin daidai da buɗe bakin jama'a. Waƙa biyar aka yi, duk tare aka isa.

Bayan an tashi, dattawa suka zauna suka tabbatar da shi a kan bencinsa. Suka kuma rubuta a littafinsu cewa an gano laifin na injin ne, an gyara, ana kuma roƙon Malama Tandoh ta kula kada hakan ya sake faruwa. Osofo Eshun ya karanta mata da kansa.

"Zan kula, Osofo," in ji Ewurasi.

"Yarinya ce," in ji Egya Bentsil. "A yi mata uzuri."