Kocin da Ba Ya Shiru

Mu'awiya Dikko aikin kago, wato jigilar kaya, yake yi a unguwar Deira, can ƙasar Larabawa, amma in ka tambaye shi sana'arsa da besbol zai fara, wasan nan na buga ƙwallo da sanda. A hannun wasu 'yan Filifin da suka yi haya tare a unguwar Karama ya koyi wasan, har ya zama kocin masu bugu a wata ƙungiyar matasa. Ya san aikinsa, sai dai Allah ya yi shi da baki. Kafin ƙwallo ta bar hannun mai jifa ya faɗi abu uku.

'Yarsa Suwaiba, mai shekara goma sha biyar, tana cikin 'yan wasansa. Wasa shida a jere sandarta ba ta taɓa ƙwallo ba. Shugaban ƙungiyar ya ce masa ba ɓoye-ɓoye, in ba ta buga ranar Asabar ba za a cire ta daga jerin masu bugu.

Mu'awiya ya yanke hukunci cewa tsoro ne. Ya koya mata jan numfashi, ya sa ta rufe ido tana hango ƙwallon, ya yi mata lacca tun daga fili har bakin tashar jirgin metro. Ita dai "to" take cewa.

Ranar Juma'a bayan an ci abinci, matarsa Barira ta miƙa masa wayarta.

"Baban Suwaiba, kalli wannan. Ba sandar za ka kalla ba, kanta."

Bidiyon wasan makon jiya ne. Mai jifa ya ɗaga ƙafa, sai ga muryar Mu'awiya daga gefe: "Suwaiba, ɗaga gwiwar hannu, yalla, maza." Kan yarinyar ya ɗan juya wajensa, leɓenta ya motsa, ƙwallo ta wuce. Haka sau uku.

Ya kira ta. "Me kike cewa a nan?"

"Na'am nake cewa, Baba."

"Ana jefo miki ƙwallo?"

"Kai ka ce ko me nake yi, in ka kira sunana in amsa."

Shi ya faɗa kuwa, tun tana ƙarama, ya sha ma yi mata faɗa a kai. Sauran yaran ba su damu da ihunsa ba, ta wannan kunne yake shiga ya fita ta wancan. Ita kaɗai ce ba za ta iya ƙyale shi ba. Kunya ta kama shi, ya mayar wa Barira wayar.

Ranar Asabar da aka kira Suwaiba, ya zauna a benci ya haɗe hannuwa. Ƙwallon farko ta kai duka ta kuskure. Ya ga gwiwar hannun a ƙasa, maganar ta zo har bakinsa, ya haɗiye. Ta biyu ma ta kuskure. Saura ɗaya ta fita, shugaban yana tsaye da takardarsa.

Ta uku ta same ta daidai. Ƙwallon ta bi ta tsakanin masu tsaro biyu, Suwaiba ta yar da sanda ta ruga zangon farko, inda mai bugu ke tsira.

Ya ji daɗi ƙwarai, ya kuma ji zafi. Da suka fito ta ce, "Baba, yau ban ji ka ba."

"Khalas, shi ke nan," in ji shi. "In kina riƙe da sanda, na daina kiranki."