Gaisuwar da Ban Kai wa Najiba Ba

Ina cikin tuyar ƙosai aka zo min da labarin cewa mota ta kashe mijin Najiba a hanyar Oyo. Shekarar 1988 ce. Duk faɗin unguwarmu ta Sabo ba ni da aminiya sai Najiba, kuma lungu biyu ne kawai tsakanin gidanmu da nasu.

Ni kuwa ina da wata masifa: in na tsorata, sai bakina ya kama murmushi. Ita ta saba, har tsokanata take yi. Amma matan unguwa fa?

Na yafa mayafi na tafi. A ƙofar ɗakinta na tarar da takalman mata tuli guda. Nan take zuciyata ta fara: "Ke Husna, wa ya aike ki? Kina yin sallama duk za su ɗago kai. Haƙoran nan naki su fito, a ce ga wadda ta zo gidan makoki tana dariya. Da ma yaushe kika iya shiga mutane?" Na taɓa leɓena, wallahi har ya fara buɗewa. Na juya da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta.

Ranar sadakar uku iyakata soro. Ranar bakwai tsoron ya zama biyu, don me zan ce ya hana ni zuwa tun farko? Na soya ƙosan sadaka kwano guda, na zauna ina kallonsa har ya huce.

Washegari na yi sammako kafin mata su taru. Sai na ga ƙofar ɗakinta a kulle da kwaɗo.

Mairo maƙwabciyarta tana shara a tsakar gida. Ta ce, "Ah ah, Husna, sai yau? Pele o, sannu. Ai yayanta ya tafi da ita Gusau jiya da la'asar, motar da ta kawo albasa kasuwar Shasha suka bi. Can za ta yi takaba, kuma ba ta dawowa."

Na ce, "Ta yi maganata?"

"Kullum. Duk sallamar da aka yi sai ta ɗago ta duba. Ta ce in kin zo in gaya miki, ta yi tunani har ta gaji ba ta gano laifin da ta yi miki ba. Amma ko mene ne, don Allah ki yafe mata."