Wasiƙun Ta'aziyya Arba'in da Biyu

Kwana goma bayan an binne matarsa, malamin Turanci ya koma aiki. Shugabar makaranta ta dire masa tulin takardu a tebur.

"'Yan ajinka ne suka rubuto maka ta'aziyya, Malam. Na ce a ɗauke ta a matsayin gwajin rubutun wasiƙa na zangon nan, kada wahalarsu ta tafi a banza. Ka sa maki."

"Madalla, ranki ya daɗe. Ashe mutuwar ta zo daidai da manhaja."

Ta yi kamar ba ta ji ba, ta fita.

Ya ja layi huɗu kamar kullum: ma'ana, tsari, zaɓen kalmomi, nahawu, kowanne maki goma. Ta farko ba kuskure ko ɗaya. Ta biyu ma haka, don ita ce ta farkon. Samfurin da ya rubuta musu a allo bara ne suka haddace, har waƙafi. Sau arba'in da ɗaya ya yi wa kansa ta'aziyya da Turancinsa, yana ba kansa talatin da shida.

Ta ƙarshe ta 'yar tela ce, mai zama bakin taga, wadda in ta sake faɗuwa sai ta maimaita aji, uban kuwa ya rantse zai cire ta. Ba adireshi, ba sakin layi. Da Turancinta mai ɗingishi ta ce duk ranar da marigayiya ta kawo masa abinci, matar takan tsaya bayan taga har ya gama karanta musu waƙa, leɓunanta na bin nasa. Ta ce tun rasuwar ba ta iya duban wajen.

Shekara ashirin da aure, bai taɓa sani ba.

Ya lissafa tsakani da Allah. Goma sha bakwai. Da ashirin ake ci.

Ya ninke takardar, ya sa a aljihun ƙirji, ya nufi ofishin shugabar.

"Guda ta ɓace a hannuna, ta 'yar tela."

"Haba Malam! Ka san doka. In malami ya ɓatar da takarda, matsakaicin makin aji ake ba ɗaliba, shi kuma a rubuta masa gargaɗi."

"Na sani. Talatin da shida ke nan. A rubuta gargaɗin, sai dai a kula da nahawu."