Abin da Baba Akawu Ya Ɓoye a Kabad

Karo na huɗu ke nan a mako ɗaya da Mai Gyara yake rarrafe a ƙarƙashin teburin Baba Akawu, kuma karo na huɗu da ƙeyarsa ta bugi katakon.

"Sannu, Injiniya," in ji tsohon daga kan kujera.

"Riƙe sannunka, Baba. Ka ce kwamfutar tana mutuwa, ga ta nan tana aiki kamar sabuwa. Ka ce intanet na ɗaukewa, ga fitilun rauta nan kore shar. To ni me zan gyara?"

"Kunyarka take ji. Kana fita za ta fara iskancinta."

Mai Gyara ya fito yana kakkaɓe gwiwa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, shi ya sa ba ya iya cewa a'a. Baba Akawu ya yi shekara talatin yana buga takardu a ofis kafin ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, ba shi da kowa sai 'yarsa Auta da ke aure a wata ƙasa mai nisa. Ita ta aiko masa da kwamfutar tebur don su riƙa ganin juna kullum da la'asar. Yanzu da sun fara hira sai allon ya yi baƙi, kafin rauta, na'urar da ke kawo intanet, ta farfaɗo Auta ta koma bakin aikinta.

Babu abin da Mai Gyara bai taɓa ba. Ya canza wayar intanet, ya hure ƙurar fanka, ya sa sabon akwatin wuta a cikin kwamfutar, ya gwada soket ɗin bango da mita. Komai lafiya.

"Baba, tsakaninka da Allah, ban da kwamfuta da rauta, akwai abin da kake jonawa a nan?"

"Ni? Me gare ni da zan jona?"

A gida ya yi ta mita. "Tsohon nan zai sa ni hawan jini. Na rufe shago sau huɗu saboda shi."

"Ka dai lura da yadda yake magana?" in ji matarsa. "Kalma uku sai ya huta."

"Tsufa ne."

"Kai dai waya kawai kake gani."

Washegari bai jira a kira shi ba. La'asar na yi ya tura ƙofar Baba Akawu da sallama, bai tsaya jiran amsa ba. Ƙaurin roba ne ya fara tarbarsa, sai wani gurnani kamar na ƙaramin firiji. A gefen teburin, inda kyamara ba ta kaiwa, ga wani farin inji, filoginsa a cikin wani dogon jonin wuta mai baki huɗu da kwamfuta da rauta suke ciki. Baba Akawu ya karkata gefe, ya kafa siririyar roba a hanci yana jan iska. Allon ya riga ya mutu.

Mai Gyara ya taɓa jonin, ya janye hannu da sauri. Gefensa ya narke ya yi baƙi.

"Wannan fa?"

"Na asibiti ne. Na numfashi."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

"Wata biyu! Ina yake shiga in na zo?"

Tsohon ya nuna kabad da haɓa.

"Haba Baba! Na tambaye ka, ka dube ni ka ce ba ka jona komai. Wannan jonin na cajin waya ne, ba na inji ba. Ya ƙone daga ciki, injin na jan wuta sai kwamfutar ta faɗi, rauta ta bi ta. Saura kaɗan ka ƙona gidan da kai a ciki, ka haɗa da nawa!"

"Ban san shi ne ba, wallahi. Ina ruwan numfashi da intanet?"

"Auta ta sani?"

Baba Akawu ya ja iska sau biyu. "Na ce mata ƙarar fanka ce. Ga ciki gare ta, ga aiki. In ta sani za ta kwaso jiki ta taho."

"To ta taho mana. 'Yar wa ce?"

"Injiniya, ka gyara wayarka kawai."

Mai Gyara ya fita. Ya dawo da guduma da sabuwar waya mai kauri, ya ja layi daga allon fiyus, ya kafa soket biyu a bango. Ya ɗauko alƙalami mai kauri ya rubuta a kan ɗaya KWAMFUTA, a kan ɗayan NUMFASHI. Ya kunna duka, suka tashi tare, babu wanda ya ƙifta.

"Na gyara tawa. Saura taka. Kira Auta, kuma robar nan ba za ta bar hancinka ba."

"In na ƙi fa?"

"Ina da lambarta. Zaɓi: ta ji daga bakinka ko daga nawa. Ni kuma ka san ban iya sassauta magana ba."

"Kai dai ba ka da kunya tun kana yaro."

"Na ji. Danna."

Tsohon ya gyara hularsa, ya danna. Fuskar Auta ta fito tana dariya, tana cewa yau dai netwok ya yi hankali. Sai dariyar ta tsaya.

"Baba, mene ne wannan a hancinka?"

Mai Gyara ya fita tsakar gida ya tsaya yana naɗe ragowar waya. Ta taga yana jin muryarta tana faɗa tana kuka, tsohon yana cewa, "To, to, uwata, na ji." Sun fi awa guda. Layin bai yanke ko sau ɗaya ba.

Kwana tara bayan nan Auta ta iso da tsohon cikinta. Ta samu kwana shida da shi, tana ba shi abinci a baki suna faɗa a kan gishiri. A rana ta bakwai da hantsi, tana yanke masa farce, ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, ta aiko a kira Mai Gyara.

"Yaya, don Allah ka kashe abubuwan nan. Na kasa taɓa su."

Ya shiga ɗakin shi kaɗai. Hular tana kan madannan kwamfutar, robar tana rataye a hannun kujera, injin yana ta gurnaninsa yana hura iska. Ya durƙusa, ya kai yatsa kan soket na biyu, na NUMFASHI, ya daɗe yana kallon rubutun hannunsa kafin ya danna. Ɗakin ya yi tsit. A kan tebur, koriyar fitilar rauta tana ta ƙiftawa.