Gawar da Ta Juya wa Kyamara Baya

Ranar da aka rushe mana gida a Nakkasa, unguwarmu a nan Makka, ban yi kukan tukwane ba. Hoton Malam, maigidana, na yi wa kuka. Shi kaɗai ne muke da shi, yana cikin akwatin da ɗana Talal ya ce ya sa a mota, ashe a bayan ƙofa ya bar shi. Har yau ban yafe masa ba, kuma ya sani.

Malam, wanda mutane ke ce wa Mailafiya, ya rasu tun kafin a haifi jikokina. In na rufe ido ina jin muryarsa, ina ganin hularsa, amma fuskar ta fara ɓace mini. Tun da muka dawo wannan shugga, wato ɗakunan bene, a unguwar Hindawiyya, abin yake cin raina.

To akwai wani labari da yakan bayar. Wai yana saurayi, a hanyarsa ta zuwa Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare, sai ya tarar da Turawa suna ɗaukar fim ɗin yaƙi a hamada. Suka sa shi cikin masu raƙuma, daga baya aka ce ya kwanta ya mutu. Mu dai dariya muke yi masa, don ba wanda ya taɓa ganin fim ɗin.

Na kira Manar, 'yar Talal, mai aiki a otal kusa da Harami, ita ce mai jin Turanci. Na ce ubanta ne ya ɓatar da hoto, ita za ta nemo mini fuskar kakanta. Ta yi ta tambayata abin da ya faɗa, kayan da aka sa musu, garin da ya ce sun sauka, har ta gano fim ɗin. Wai tsoho ne, ya ci kyaututtuka. Muka zauna muka kalle shi kaf, ƙafafuna har suka kumbura. Turawa sai surutu, mutanenmu kuwa can nesa kamar tururuwa. Ban ga kowa ba.

Rannan bayan la'asar sai ga ta da jawwal, wayarta, a hannu tana dariya. Ta samo bidiyon wani Bature da ke tona asirin yadda aka yi fim ɗin, tana fassara mini. Wai jarumin tsoron raƙumi yake, a kan kujera ƙarti suka ɗauke shi suna jijjigawa. Wai jinin ma tumatir ne. Na ce mata ni ba tumatir na aike ta nema ba.

"Ki tsaya mana, Sitti," in ji ta, don haka suke ce wa kaka a nan. "Ga wurin da kowa ke yi wa dariya."

Bayan yaƙi ne, gawarwaki a zube, kyamara na bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta iso kan wani siriri, sai ya ɗago, ya dubi rana, ya mirgina kan hannun dama, ya ba kyamara baya. Baturen ya ce mai fim ɗin ya yi faɗa kamar zai ci mutum, amma rana ta faɗi, ba halin a sake, haka aka bar shi. Har yau wai ba a san abin da ya juyar da gawar ba.

Ni na sani. Ko ƙailula Malam bai taɓa yi ba sai ya fuskanci alƙibla. Shekarun da muke zuwa Arfa dafa wa alhazai abinci, sai ya ja tabarma ya gyara, ya ce mutum bai san baccin da ba zai tashi ba. Balle a ce masa ya kwanta a matsayin gawa.

"Tsayar da shi," na ce.

Ta tsayar. Bayansa ne, da wannan kafaɗar da ta fi ɗaya sauka. Na ce ta mayar baya, lokacin da ya ɗago. Ta mayar, ƙafar wani ta tare shi. Ta ƙara girman hoton, ya dagule kamar kunu. Na kusa da shi kuwa, wani ƙato mai buɗaɗɗen baki, har haƙoransa ana gani. Yanzu shi na haddace, ko salla nake sai ya faɗo mini.

Manar ta ce ai mijin nata, wato kakan, ya burge ta. Na ce ita ya burge, ni ya cuce ni. Sau ɗaya a rayuwarsa aka kawo masa kyamara har inda yake kwance, ya rasa lokacin neman gabas sai nan. Na dai yi istigfari.

Ran Juma'a Talal ya zo da hoton da aka ciro daga fim ɗin, an wanko shi an sa a gilashi, yana ta murmushi wai ya biya bashi.

"Baya ka kawo," na ce masa. "Fuska nake bin ka."

Na karɓa duk da haka. Ni na nuna masa bangon da zai kafa ƙusa, inda Malam zai ci gaba da kallon alƙibla. Kullum da safe sai na tsaya a gabansa, na san ba zai waiwayo ba, amma sai na ɗan jira.