Tabon da Ke Hannun Safara'u

Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, a wani ƙauye na ƙasar Rogo akwai wata mai kitso ana ce mata Safara'u. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya guda, Adama, kuma tsinken kitso shi ke ci da su.

Wata safiya, bayan ta sauke tukunya daga murhu, sai ta ga bororon ƙuna a hannunta, daidai kan wani jan tabo da ta daɗe tana cewa kyasbi ne. Fata ta tashi, amma ko zafi ba ta ji ba. Ta ɗauko tsinke ta soka a wurin har jini ya fito, sai ka ce kabewa ta soka.

Ta san ciwon. Haka aka gano kuturta a jikin maƙwabciyarta Maiturare mai ƙosai. Yaran dagaci suka fitar da ita zuwa wata bukka a hayin rafi, aka hana ta rijiya, ta koma shan ruwan kududdufi. Ba kuturtar ce ta kashe ta ba, gudawa ce da yunwa.

Daga ranar Safara'u ta ɗaure hannun da tsumma, ta raba kwano da Adama. Ko sallama aka yi a ƙofar gida sai ta cusa hannun cikin zane.

Ana nan, sai aka aiko kiranta daga gidan dagaci. Ta tafi tana zaton asiri ya tonu. Ashe kitso ne. Aka wuce da ita ɗakunan matan gidan zuwa wani ɗaki can ƙurya, inda ta tarar da Lantana, yayar dagaci, wadda aka ce wa mutanen gari ta koma Karaye da zama. Ga ƙwaryar nono a gefenta, ga romon kaza. Yatsunta biyu kuwa sun dungule.

"Zauna, 'yar nan," in ji Lantana. "Abin da idonki ya gani, ya tsaya a ɗakin nan."

"To, Gwaggo."

Ta aza kan tsohuwar a cinyarta ta fara tsaga. Gumi ya sa tsumman ya zame, ba ta ankara ba sai da ta ji an riƙe mata hannu.

"Tun yaushe?"

"Ƙuna ce, ranki ya daɗe."

"Ni za ki gaya wa ƙuna?"

Safara'u ta durƙusa, hawaye na zuba. "Don Allah, don Annabi, ki rufa mini asiri. In aka kai ni hayi, wa zai riƙe mini Adama?"

Lantana ta ce, "Akwai asibitin kutare na 'yan mishan can wajen Kano, ana allura. Ƙanena ya samar mini wuri a motar gyaɗa ran kasuwar Karaye. Irinki ba mai ɗaukar ta, sai dai in 'yar rakiya ce."

Ta sa aka kira dagaci. Safara'u ta raɓe jikin bango tana jin su. Da ya ji labari sai ya ɗaure fuska.

"Yaya, wannan hayi za ta. Kawunan matana take taɓawa!"

"To ka sa a kafa bukka biyu. Ni ma da ƙafata zan fita, ta tsakiyar gari."

Ya dubi yayarsa, ya dubi ƙasa, ya kaɗa riga ya fita. Da la'asar baransa ya zo ya ce mai kitso ta shirya, kuma in ta buɗe baki ta kuka da kanta.

Ranar tafiya, Safara'u ta kai Adama gidan Bappa, yayan mijinta. Kafin su shiga, ta ja yarinyar bayan danga, ta tuɓe mata zane, ta duba bayanta da cinyoyinta a hasken rana. A ƙarƙashin kafaɗa ta ga wani ɗan fari-fari. Ta sa farce ta mintsine wurin da ƙarfi.

"Wayyo, Inna! Me na yi?"

Safara'u ta sulale ta zauna a ƙasa, tana hamdala tana kuka. Ta roƙi matar Bappa ta riƙa duba jikin yarinyar in tana mata wanka, matar ta yi mata wani irin kallo amma ba ta tambaye ta dalili ba.

A Karaye aka sa Lantana gaban mota, lulluɓe har ƙasa. Safara'u ta hau kan buhunan gyaɗa tare da 'yan dako, ta cusa hannunta cikin mayafi, ba ta fito da shi ba har suka isa.