Gudumar Tor a Gonar Alkama

Shekara ashirin da shida Preben yana yawo da na'urar gano ƙarfe a gonakin tsibirin Lolland, bai taɓa tono abin da ya wuce ƙusa da murfin kwalba ba. Amma a iya doka babu kamarsa. Duk sabon shiga ƙungiyarsu ta masu tonon kayan da sai ya zaunar da shi ya karanta masa: abin da ka tono na gwamnati ne, ka kai gidan tarihi da ƙasar da ke jikinsa, kada ka kuskura ka wanke.

Ranar wata Asabar, bayan an yanke alkama, na'urar ta yi kuka. Ya tona, sai ga 'yar gudumar azurfa mai guntuwar ƙota, irin wadda kakanninsu ke ratayawa a wuya don neman tsarin Tor, ubangijin tsawa a addininsu na da. Yanzu kowane shagon 'yan yawon buɗe ido na sayar da kwaikwayonta, amma wannan ta shekara dubu ce.

Sai dai baƙa ce wuluk, ba ta da kyan gani. Preben kuwa hoto yake so, wanda zai rufe bakin masu yi masa dariya. Ya faki idon matarsa Birthe, ya ɗauki soson ƙarfen tukwanenta, ya dirje gudumar har ta yi ƙyalli.

"Maigida, me ka yi wa sosona?"

"Ke dai zuba mana kofi."

Ranar Litinin suka kai ta gidan tarihi. Wadda ta karɓe su Solvej ce, masaniyar kayan da, wadda Preben ya koya wa riƙe na'ura tun tana 'yar makaranta. Ta sa gudumar a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Baba Preben, akwai rubutu a jikinta. A da can akwai, dai. Harafi biyu suka rage, sauran sun goge. Wataƙila sunan mai ita ne."

Ya ji kunya ta rufe shi. Mutum ya sa an rubuta sunansa, ƙasa ta adana shi shekara dubu, shi kuma ya share shi kafin kofi ya huce.

Solvej ta dube shi, ta dubi takardar da za ta cike. Ta san karcen soso in ta gan shi. Cikin tausayi ta ce, "Garma kan yi haka wani lokaci. In rubuta garma?"

Tausayin nan ya fi masa zagi ciwo. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya tuna 'yan ƙungiya da taronsu na ranar Laraba.

"Rubuta garma," in ji shi.

Ta rubuta. Birthe ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta jira shi ba.